Ƙarancin barci da ƙiba: Abin da bincike ya gano a kan manya

Baligin da ya saba yin barcin da bai kai sa'o'i bakwai ba a kowane dare ya fi fuskantar haɗarin yin ƙiba fiye da kima, idan aka kwatanta shi da wanda ke samun isasshen barci. Wannan shi ne matsayin da akasarin masana kiwon lafiya suka cim ma bayan bincike na fiye da shekaru 25 a jami'o'i da asibitoci na ƙasashe daban-daban.

Da jin wannan magana mutum zai ga kamar an faɗe ta ne a baibai, domin kuwa jama'a sun saba danganta ƙiba da mai yawan kwanciya. A ganin mutane da dama, wanda ya raba dare idonsa biyu yana ta kai-komo shi ne ya kamata ya rame. To amma gwaje-gwaje sun nuna cewa, ko da yake jikin mai kwanan zaune yana ƙona ɗan ƙarin kuzari, abincin da yake ƙarawa a cikinsa ya zarce wannan ƙari nesa ba kusa ba. Ke nan ta hanyar ci ne ƙarancin barci ya fi kai mutum ga ƙiba.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, sun nuna cewa a shekarar 2022 manya miliyan 2,500 ne a duniya nauyinsu ya wuce kima, kuma daga cikinsu kimanin miliyan 890 sun kai matakin ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Hakan na nufin kashi 43 cikin ɗari na manya nauyinsu ya wuce kima, kashi 16 cikin ɗari kuma suna da matsananciyar ƙiba. Hukumar ta ce yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga shekarar 1990.

Likitoci na amfani da wani ma'auni da ake kira BMI wajen tantance ƙiba. Ana samunsa ne ta hanyar kwatanta nauyin mutum da tsawonsa. Wanda ma'auninsa ya kai 25 an ce nauyinsa ya wuce kima, wanda kuma ya kai 30 an ce yana da matsananciyar ƙiba. Alal misali, mutumin da tsawonsa mita 1.70 ne zai shiga rukunin farko idan ya haura kilo 72, zai kuma shiga na biyu idan ya kai kimanin kilo 87.

Ƙiba tana share fage ga ciwon sukari da hawan jini da cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon gaɓoɓi da kuma wasu nau'o'in cutar daji. Shi ya sa duk wani abin da ke ƙara ta, komai ƙanƙantarsa, yake jan hankalin hukumomin lafiya.

Ta fuskar barci kuwa, a shekarar 2015 manyan ƙungiyoyi biyu na likitoci da masu binciken barci a Amurka sun fitar da matsaya guda, inda suka ce baligi na buƙatar barcin akalla sa'o'i bakwai a kowane dare. Shekara guda bayan haka Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na manya a ƙasar ba sa samun wannan adadi.

Yadda aka fara lura da alaƙar

Alamun farko sun fito ne daga bincike irin wanda ake bin rayuwar dubban mutane tsawon shekaru, ana tambayarsu yadda suke barci ana kuma rubuta nauyinsu.

Ɗaya daga cikin mafiya girma shi ne wanda aka yi a kan mata ma'aikatan jinya a Amurka, wanda Dokta Sanjay Patel da abokan aikinsa suka wallafa sakamakonsa a shekarar 2006. An bi mata 68,183 har tsawon shekaru 16. Waɗanda ke barcin sa'o'i biyar ko ƙasa da haka sun ƙara kilo 1.14 a kan abin da masu barcin sa'o'i bakwai suka ƙara, masu barcin sa'o'i shida kuma suka ƙara kilo 0.71. Bambancin dai ba shi da yawa idan aka raba shi a kan kowa da kowa. Sai dai an gano cewa yiwuwar mace ta ƙara kilo 15 ko fiye a tsawon wannan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari a tsakanin masu barcin sa'o'i biyar.

A shekarar 2008 Farfesa Francesco Cappuccio na jami'ar Warwick da ke Birtaniya ya jagoranci wani aiki na tattara sakamakon bincike da dama daga sassan duniya, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 600,000, yara da manya. Sakamakon ya nuna cewa yiwuwar samun matsananciyar ƙiba a tsakanin manya masu ƙarancin barci ta ɗara ta sauran da kusan kashi 55 cikin ɗari. A tsakanin yara ma alaƙar ta fi haka ƙarfi.

Irin wannan bincike dai yana nuna cewa abubuwa biyu na tafiya tare, amma ba ya iya tabbatar da wanda ya haifar da wani. Saboda haka ne masana suka koma ɗakunan gwaji, inda ake iya rage wa mutum barci da gangan, a kuma auna duk abin da ya shiga bakinsa.

Sinadarin ƙoshi da sinadarin yunwa

Akwai wasu sinadarai biyu da jiki ke samarwa waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa halin da ake ciki game da abinci. Na farko shi ne leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na jami'ar Rockefeller da ke birnin New York suka gano a shekarar 1994. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, kuma saƙonsa ga ƙwaƙwalwa shi ne akwai isasshen tanadi. Na biyun shi ne girelin, wanda masana a ƙasar Japan suka gano a shekarar 1999. Tumbi ne ke fitar da akasarinsa, yana kuma ƙaruwa ne gab da lokacin cin abinci, ya tayar da yunwa.

A shekarar 2004 Karine Spiegel da Eve Van Cauter na jami'ar Shikago suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a kan samari 12 masu ƙoshin lafiya. An bar samarin sa'o'i huɗu kacal a kan gado na dare biyu, a wani lokacin kuma aka ba su sa'o'i goma na dare biyu. Bayan dararen ƙarancin barcin, sinadarin ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, na yunwa kuma ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari. Yunwar da samarin suka ce suna ji ta ƙaru da kashi 24 cikin ɗari, kuma abin da ransu ya fi so shi ne kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci.

A cikin wannan shekara ce kuma Shahrad Taheri da Emmanuel Mignot suka ba da sakamakon nazarin da suka yi wa jinin mutane 1,024 a jihar Wisconsin. Sun gano cewa masu barcin sa'o'i biyar suna da ƙarancin leftin da kimanin kashi 15 cikin ɗari, da kuma ƙarin girelin da kusan wannan adadi, idan aka kwatanta su da masu barcin sa'o'i takwas.

Waɗannan sakamako biyu sun yi suna matuƙa, har aka riƙa ɗaukarsu a matsayin cikakken bayanin lamarin. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba. A wasunsu sinadaran sun sauya, a wasu kuma ba su sauya ba, musamman ma idan aka bar mutane su ci iya son ransu. Abin da ya ci gaba da bayyana a kusan kowane gwaji shi ne ƙarin cin abincin kansa.

Ƙarin ci, musamman da daddare

A shekarar 2013 Farfesa Kenneth Wright na jami'ar Colorado ya ajiye mutane 16 a wani asibiti na kimanin makonni biyu. Na kwana biyar an ba su damar barcin sa'o'i tara, na wasu kwana biyar kuma sa'o'i biyar, ga abinci nan a wadace. A kwanakin ƙarancin barci jikinsu ya ƙona ƙarin kuzari na kimanin kashi biyar cikin ɗari, kamar yadda ake zato. Duk da haka sai da nauyinsu ya ƙaru da kilo 0.82 cikin kwana biyar ɗin, saboda ciye-ciyen da suka riƙa yi bayan abincin dare. Wani abin lura shi ne, sun yi wannan ci ne a daidai lokacin da sinadaran jininsu ke nuna cewa jiki ba ya buƙatar ƙari.

Jami'ar Pennsylvania ma ta yi irin wannan gwaji a shekarar ta 2013, da mutane 225. Waɗanda aka taƙaita wa barci zuwa sa'o'i huɗu na dare biyar sun ƙara kusan kilo ɗaya, alhali kuwa nauyin waɗanda suka yi cikakken barci bai wani motsa ba. An lura cewa masu kwanan zaunen na cin kimanin kalori 550 tsakanin ƙarfe goma na dare da ƙarfe huɗu na asuba. Kalori dai shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci.

Da masana a kwalejin King's da ke birnin Landan suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje irin waɗannan, a wani nazari da ya fito a shekarar 2017, sun gano cewa mutum kan ƙara cin kimanin kalori 385 a yinin da ya biyo bayan daren da bai samu isasshen barci ba. Wannan adadi ya ɗan ɗara abin da ke cikin babban cokali uku na man girki. Ƙarin ya fi karkata ne ga abinci mai maiƙo.

Wani ɓangare na dalilin a fili yake: wanda ke farke har ƙarfe ɗaya na dare ya samu ƙarin sa'o'in da zai iya kai hannu baki. Ɗaya ɓangaren kuma yana cikin ƙwaƙwalwa. Matthew Walker da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane 23 a shekarar 2013, yayin da ake nuna musu hotunan abinci iri-iri. Bayan daren da aka hana su barci, sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin yanke shawara, ya rage aiki, yayin da wani sashe na can ciki mai alaƙa da sha'awa ya ƙara ƙaimi. Mutanen sun fi zaɓen abinci mai yawan kalori fiye da yadda suka yi bayan cikakken barci.

Baya ga haka akwai gajiya. Wanda ya tashi jiki a mace ba kasafai yake da ƙarfin motsa jiki ko tsayawa dafa abinci ba, ya fi kuma neman shayi mai sukari ko lemon kwalba domin ya wartsake.

Sukari da kitsen ciki

Tasirin ƙarancin barci bai tsaya ga yawan abin da ake ci ba, ya shafi har yadda jiki ke sarrafa shi. Tun a shekarar 1999 masu binciken na Shikago suka wallafa wani rahoto a mujallar The Lancet a kan samari 11 da suka yi dare shida suna samun sa'o'i huɗu a kan gado. Saurin da jikinsu ke yi wajen kwashe sukari daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, ya kuma farfaɗo bayan da aka bar su suka yi barci sosai.

A shekarar 2022 likitocin asibitin Mayo da ke jihar Minnesota, ƙarƙashin jagorancin Dokta Virend Somers, sun gwada mutane 12 marasa ƙiba. A makonni biyun da aka ba su sa'o'i huɗu na barci sun ƙara cin fiye da kalori 300 a kowace rana. Nauyinsu bai ƙaru sosai ba, amma hoton cikinsu ya nuna cewa kitsen da ke kewaye da hanji da sauran kayan ciki ya ƙaru da kashi 11 cikin ɗari. Irin wannan kitse, wanda ba a iya kama shi da hannu, shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da cututtukan zuciya. Ke nan sikeli kaɗai ba ya nuna dukkan ɓarnar.

Masu ƙoƙarin rage ƙiba ma abin ya shafe su. A shekarar 2010 Dokta Plamen Penev na jami'ar Shikago ya rage wa mutane goma masu nauyi fiye da kima abinci na kwana 14, har sau biyu. A zagaye ɗaya an ba su sa'o'i takwas da rabi a kan gado, a ɗayan kuma biyar da rabi. A kowane zagaye sun rage kimanin kilo uku. Amma a lokacin isasshen barci kilo 1.4 na abin da suka rage kitse ne, a lokacin ƙarancin barci kuwa kilo 0.6 ne kawai kitse, sauran duk daga tsoka da sauran sassan jiki ya fita.

Ƙiba ma tana hana barci

Alaƙar dai ba ta fuska ɗaya ba ce. Kamar yadda ƙarancin barci ke ƙara ƙiba, haka ita ma ƙibar ke ɓata barci.

Babbar hanyar da take yin haka ita ce cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci. Kitsen da ya taru a wuya da gindin harshe yana matse hanyar iska, ta yadda idan tsokokin maƙogwaro suka saki a cikin barci sai hanyar ta toshe. Numfashi kan tsaya na daƙiƙa goma ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci. Hakan na iya faruwa sau 30 ko fiye a cikin sa'a guda ga wanda cutar ta yi wa tsanani, kuma sau da yawa shi kansa bai san ana yi ba. Alamominta sun haɗa da minshari mai ƙarfi da shaƙewa cikin barci da ciwon kai da safe da kuma gyangyaɗi da rana. Galibi abokin kwana ne ke fara lura.

Wani bincike na jihar Wisconsin da aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa idan nauyin mutum ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, yawan katsewar numfashinsa kan ƙaru da kimanin kashi 32 cikin ɗari. Idan kuwa ya rage kashi 10 cikin ɗari, katsewar kan ragu da kashi 26 cikin ɗari. Wani ƙiyasi na shekarar 2019 ya ce mutane miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan cuta a duniya, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Ana magance ta da wata na'ura mai hura iska ta hanci da ake kira CPAP, da kuma rage nauyi. A watan Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da allurar rage ƙiba ta Zepbound ga manya masu ƙiba da ke fama da cutar, kuma wannan ne karon farko da ta amince da wani magani domin ita.

Aikin dare da ramuwar ƙarshen mako

Lokacin da ake yin barci ma yana da nasa tasiri, baya ga tsawonsa. Jikin ɗan Adam na da wani agogo na ciki da ke bin hasken rana, wanda ke tsara lokacin barci da na narkar da abinci. Binciken da ya bayyana yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa aka ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel a fannin likitanci a shekarar 2017.

Masu aikin dare, kamar ma'aikatan asibiti da masu gadi da direbobin doguwar tafiya da ma'aikatan masana'antu, suna ci ne a lokacin da jiki ya shirya hutawa, su kuma kwanta a lokacin da ya shirya aiki. Barcin rana yakan fi na dare gajarta da yawan katsewa. Nazarce-nazarce a ƙasashe da dama sun nuna cewa ƙiba, musamman ta ciki, ta fi yawa a tsakaninsu.

Ko a tsakanin masu aikin rana, Farfesa Till Roenneberg na birnin Munich a ƙasar Jamus ya nuna a shekarar 2012 cewa mutanen da ke da babban bambanci tsakanin lokacin barcinsu na ranakun aiki da na ranakun hutu sun fi shiga rukunin masu nauyi fiye da kima.

Mutane da yawa kan yi ƙoƙarin rama barcin da suka rasa idan ƙarshen mako ya zo. Jami'ar Colorado ta gwada wannan ɗabi'a a shekarar 2019 da mutane 36. Waɗanda aka bari suka yi barci iya son ransu na kwana biyu sun rage ciye-ciyen dare a waɗannan kwanaki. Amma da aka mayar da su ga ƙarancin barci sai suka koma gidan jiya, kuma a ƙarshen gwajin nauyinsu ya ƙaru da fiye da kilo ɗaya, kamar dai na waɗanda ba su samu hutun ba.

Inda masana ke taka tsantsan

Duk da waɗannan sakamako, akwai wuraren da masana ke jan hankali a kansu. Akasarin gwaje-gwajen an yi su ne da mutane ƙalilan, na 'yan kwanaki, kuma an rage musu barci fiye da yadda yawancin jama'a ke yi. Manyan binciken kuma sun dogara ne da abin da mutane suka faɗa da bakinsu, alhali an gano cewa mutane kan ƙara wa barcinsu tsawo idan aka tambaye su. A wani bincike da aka yi a birnin Shikago, mutane sun ce suna barcin kimanin sa'o'i 6.8, amma na'urar da aka ɗaura musu a hannu ta nuna sa'o'i shida.

Haka kuma akwai abubuwan da ke iya haifar da matsalolin biyu a lokaci guda, irin su talauci da damuwa da ciwon baƙin ciki da doguwar ranar aiki da wasu magunguna. Wasu nazarce-nazarcen sun samu ƙiba a tsakanin masu barcin fiye da sa'o'i tara, amma masana da dama na ganin cewa yawan barcin alama ce ta wata rashin lafiya da ke jikin mutum tun farko.

Akwai kuma binciken da Jerome Siegel na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya jagoranta a shekarar 2015 a kan al'ummomi uku da ke rayuwa ba tare da wutar lantarki ba: Hadza na Tanzaniya, San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya. An gano cewa barcinsu na tsakanin sa'o'i 5.7 ne zuwa 7.1, amma kuma ƙiba ba ta dame su ba. Su mutane ne masu yawan tafiyar ƙafa, waɗanda ba su da kantin kayan zaƙi a ƙofar gida. Wannan ya yi daidai da abin da gwaje-gwaje suka nuna: ƙarancin barci na tayar da kwaɗayi, kuma kwaɗayin na zama kitse ne a inda abinci mai maiƙo da sukari yake kusa da hannu.

Ko ƙara barci na taimakawa?

Shekaru da dama gwaje-gwajen sun fi mayar da hankali ne ga rage barci. A shekarar 2022 Dokta Esra Tasali ta jami'ar Shikago ta juya tambayar. Ta ɗauki mutane 80 'yan shekara 21 zuwa 40, masu nauyi fiye da kima, waɗanda suka saba barcin ƙasa da sa'o'i shida da rabi. An ba rabinsu shawara a zama guda kan yadda za su gyara barcinsu, sauran kuma aka bar su yadda suke. Dukkansu a gidajensu suka ci gaba da kwana, kuma ba a ce wa kowa ya sauya abincinsa ba.

Waɗanda aka ba shawarar sun ƙara barcin kimanin sa'a ɗaya da minti 12 a kowane dare. Cikin makonni biyu abin da suke ci ya ragu da kimanin kalori 270 a rana idan aka kwatanta da ɗaya rukunin, wato kusan abin da ke cikin kwalba biyu ta lemo. Masu binciken sun yi lissafin cewa da wannan ragi zai ɗore har shekaru uku, da ya kai kimanin kilo 12. Sai dai wannan lissafi ne kawai, domin gwajin kansa na makonni ne.

A watan Yunin wannan shekara ta 2022 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ƙara barci a jerin abubuwan da take auna lafiyar zuciya da su, inda suka zama takwas. Ta sanya shi ne tare da abinci da motsa jiki da shan taba da nauyi da kitsen jini da sukari da hawan jini, ta kuma ce abin da ya dace ga baligi shi ne sa'o'i bakwai zuwa tara.

Ƙasashe masu zafi

Akasarin binciken an yi shi ne a Amurka da Turai da Gabashin Asiya, amma ƙiba na ƙaruwa a biranen Afirka ma. Binciken lafiyar jama'a na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane.

A irin waɗannan ƙasashe zafi na cikin abubuwan da ke cinye barci, domin jiki na buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya ɗauke shi. Wani nazari da masana a birnin Copenhagen suka wallafa a shekarar 2022, wanda ya yi amfani da bayanan mutane kimanin 47,000 daga ƙasashe 68, ya gano cewa barci kan ragu da kimanin minti 14 a dararen da zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Tsofaffi da mata da mazauna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne abin ya fi shafa.

Shawarwarin da likitoci ke bayarwa dai ba masu tsada ba ne. Sun haɗa da tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, har a ranakun hutu, da ajiye waya da kashe talabijin kafin a hau gado, da rage haske a ɗakin kwana, da kuma guje wa abinci mai nauyi gab da barci. Suna kuma jan kunne game da kofi da shayi da goro daga yamma, domin dukkansu na ɗauke da sinadarin kafin. Wani gwaji da aka yi a Amurka a shekarar 2013 ya nuna cewa kafin mai yawa, ko da an sha shi sa'o'i shida kafin kwanciya, na iya rage barci da fiye da sa'a guda.

Wanda kuwa yake kwanciya sa'o'i bakwai ko takwas amma yana tashi a gajiye, ko kuma iyalinsa suka lura cewa numfashinsa na tsayawa a tsakiyar minshari, likitoci sun ce ya kamata ya je asibiti a duba shi, domin ƙara sa'o'in kwanciya kaɗai ba zai magance matsalarsa ba.